Ɗaki Mai Taga Biyu

Ambursa, bayan La'asar.

Zuwa ga Nazifa, sanyin idona, farar balbelar fadamata, furen bado da ya buɗe a tsakiyar gulbi inda hannu ba ya kaiwa, ruwan randa ga wanda ya yini a gona! Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawan ƙwayar shinkafar bana. Ya Argungu, ya asibitin da jami'a ta tura ku koyon aiki? Ya gajiyar tsayuwa? Ki gaishe mini da ƙawarki Bolanle, mai kirana angon jira. Ki ce mata sunan ya biyo ni har gida.

Na ɗauki biro ne don a waya kullum kina sauri, ni kuma da na ji muryarki sai maganar da na shirya ta narke kamar gishiri a miya.

Kin tuna ranar da na zo zaurenku a Badariya, kika fito da agogon nan da kuke maƙalawa a ƙirji, kina neman wanda za ki koyi ƙirga bugun jini a kansa? Kunya ta hana ki taɓa ni. Sai kika ce in ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna in ƙirga da kaina, ke ki duba agogo. Na ƙirga, na ɓace, na sake. Kika ce wannan gudun ba na mai lafiya ba ne, lallai akwai zazzaɓi. Wayyo Nazifa, ai zazzaɓin ne zaune a gabana kan tabarma, da littafi a cinya! A ranar kika ce ba kya roƙona komai a gidan aure sai ɗaki mai haske da za ki iya karatu a ciki. Na koma na buga bulo da hannuna, na fitar da taga biyu, gabas da kudu. Magina suka yi ta dariya, wai ko asibiti nake ginawa. Na kafa katako a bango don littattafanki.

Babanku ya ce ba aure sai digiri ya zo hannu, na ce na ji, na yarda. Yajin aiki ya ci rabonsa, ban yi ƙorafi ba. Na shuka, na girbe, ruwa ya cika fadama ya janye, na sake shukawa. Ɗakin yana nan cike da buhunan shinkafa, hasken da na tanadar miki yana sauka a kansu kowace safiya. Ashe jiran nan ba ni kaɗai ya ɗaure ba.

Kin san ƙanena Sirajo, kin san Adama da yake nema. Iyayenta sun gaji. Sun aiko cewa in ba a ɗaura ba bayan girbin nan, za su maido kaya. A gidanmu kuwa ƙane ba ya tsallake wa. Tun kakanni ba a taɓa yi ba. Sirajo ya daina cin tuwo kwano ɗaya da ni, kuma a gona yana zaɓar kunyar da ta fi nisa da tawa. Ni ina bayanki, shi yana bayana, Adama tana bayansa, kamar kifayen da ruwa ya janye ya bari a kududdufi ɗaya, kowa yana shan numfashin ɗan'uwansa.

Shekaranjiya Baba ya kira ni gindin mangwaro ya ce, "Munzali, mi kaka so in ce ma mutane?" Ya ajiye mini hanya biyu. Ko in tura manya wurin babanku a roƙi a ɗaura yanzu, ki ƙarasa karatun daga ɗakina. Ko in kauce Sirajo ya wuce, in ba shi ɗakin, don babu wani a gidan.

Ya hasken zuciyata, kin san wadda raina ya so! Wane mai ƙishi ne zai ga ruwa ya kau da kai? Amma ina da ido. Akwai wata 'yar ajinku da aka kawo aure nan garin. Na sha ganinta da sassafe a bakin titi, goyo a baya, farar riga a leda, tana jiran mashin zuwa Birnin Kebbi. Daga baya sai na riƙa ganinta jefi-jefi. Yanzu a bakin rijiya nake ganinta. Innata mutuniyar kirki ce, amma ta ina zan fahimtar da ita cewa amarya ta kwana a asibiti, ga masu yankan shinkafa suna jiran abinci? Kuma ran kasuwar Argungu na leƙo asibitinku ban gaya miki ba. Na hango ki ta baranda kin durƙusa gaban wata tsohuwa, kina lallashinta ta miƙo hannu a sa mata ruwa. Fuskarki a lokacin, ban taɓa ganin irinta ba ko a zaurenku. Na juya ban kira ki ba. Ta yaya zan ciro wannan fuskar in kai ta gaban murhu saura shekara guda da 'yan kai?

Yau da safe na ba Baba amsa. Ni da Sirajo muka kwashe buhunan, yana ta sunkuyar da kai. Katakon littattafanki kaɗai na cire, yana ƙarƙashin katifata a shagon samari, inda zan koma kwana cikin yaran da na goya. Ranar biki mata za su yi mini waƙar tuzuru, abokan wasa za su tambaye ni ko sai na yi furfura. Zan yi dariya in raba goro. Adama za ta rataya labule a tagoginki, ni kuma zan riƙa wucewa ta gabansu safe da yamma.

Ba na roƙon ki gaggauta, kada ki bar ko darasi ɗaya saboda ni. Abu guda nake roƙo, ya farar balbelata: na san bayan digiri akwai shekarar horo, akwai bautar ƙasa, akwai garuruwan da ban taɓa takawa ba. In fukafukanki sun yi ƙwari, a wace fadama za ki sauka? Faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce. Na share fili a bayan rumbu, na jiƙa ƙasa, amma ban aza bulo ko ɗaya ba. Ki aiko mini da amsa: ina tagar za ta kalla?

Naki, muddin yatsuna biyu suna jin motsi a wuyan hannuna,

Munzali