Tirebul Ya Kai Goma

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Ina sanar da ke cewa wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta, babu wanda ya riƙe mini biro. Malamin ajinmu na manya ya ce duk cikin ɗalibansa babu mai tsayuwar baƙi irin nawa, kuma ban ga dalilin da zai sa ya yi mini ƙarya ba. Daga yau ta takarda za mu riƙa magana, domin wayoyin yanzu sun lalace. Idan kin kira, muryarki sai ka ce daga cikin tulu take fitowa.

Dalilin wannan takarda shi ne amfilifayar jita da kika aiko mini bayan tsohuwar ta ƙone. Na gode, Allah ya yi miki albarka. Sai dai wajibi ne in shaida miki cewa an cuce ki. Tana da kyau a ido, ga ɗan gilashi mai nuna lambobi, ga ƙwaƙwalwar da aka ce tana riƙe sauti iri-iri. Amma muryarta a dishe take, kamar an lulluɓe sifika da bargo.

Domin ki fahimta, tunda ba fanninki ba ne: maɓallai uku ke gyara sauti. Bas shi ne kaurin murya, mid shi ne tsakiyarta, tirebul kuwa shi ne kaifin nan da ke sa tsirkiya ta yi ƙara kamar an taɓa kofin gilashi da cokali. Da wannan kaifin aka san ni tun kafin a haife ki. Na rage bas, na rage mid, na kai tirebul bakwai, shiru. Yanzu yana kan tara.

A garejin da ƙungiyarmu ta kiɗa take gwaji da la'asar, mawaƙinmu ya toshe kunne da yatsa ya ce, "Baba, jita kake kaɗawa ko rodi kake yankawa?" Mutumin da yake rarrafe lokacin da na fara hawa dandamali! Na yi masa uzuri.

Ki tambayo masu shagon da kika saye ta lambar da ta dace. Ki gaida maigidanki.

Mahaifinki.

*

Baba na kaina,

Barka da rubutu! Wallahi sai da na zaga da takardar nan ina nuna wa abokan aiki. Ko likitocinmu ba su kama ƙafarka ba.

Na je shagon. Mai shagon ya ce ka kashe duk wasu ƙarin sautuka, ka mayar da maɓallan uku kan biyar, sannan ka riƙa motsa ɗaya-ɗaya, kaɗan-kaɗan. Ya ce kada ka ajiye ta a ƙasa, ka ɗora ta kan kujera ta fuskance ka, don a ƙasa gwiwoyinka ne ke shan kaifin, ba kunnenka ba. Da na ce masa tirebul yana kan tara, dariya ya yi ya ce, "Ɓeraye yake kora?"

Baba, wayata fa lafiyarta ƙalau, kowa yana ji na.

A gaida Baffa Dogo.

Autarka.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa. Na bi umarnin mai shagon ɗaya bayan ɗaya, duk da cewa ban ji daɗin maganar ɓeraye ba. Na ɗora ta kan kujera. Na mayar da komai kan biyar. Sautin da ya fito, da a ce mutum ne, da na kai shi asibitinku.

Saboda haka na koma kan ra'ayina. Ranar Asabar, a lambun otal ɗin da muke wasa, na kai tirebul goma. Maɓallin ya tsaya, ni kuwa yatsuna suna ta murɗawa, domin har a lokacin ban ji abin da nake nema ba. Sai na ga mutanen teburan gaba suna ɗaukar kofunansu suna komawa baya. Wata mata ta rufe wa jaririyarta kunnuwa da tafin hannu. Na ɗauka ganguna ne suka yi yawa, har na harari Baffanki Dogo mai kaɗa su.

Bayan an tashi, manajan otal ya ja mawaƙinmu gefe. Daga nan mawaƙin ya zo, yana kallon takalminsa, ya ce idan abin bai gyaru ba zuwa Asabar mai zuwa, mai fiyano zai riƙa cike gurbin jita. A ƙungiyar da ni na raɗa mata suna!

Auta, na ƙure maɓallin. Babu lamba bayan goma. Ban san abin da zan ƙara murɗawa ba.

Mahaifinki.

*

'Yata,

Sallama. Ni ba gwanin rubutu ba ne kamar babanki, don haka ba zan ja ba. Kada ki mayar da amfilifayar nan, babu abin da ya same ta. Jiya a wurin gwaji babanki ya fita alwala, mai jitar bas ɗinmu ya sauke tirebul ƙasa ya ɗan taɓa jitar babanki. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, sautin babanki ne sak na da. Yana dawowa ya ce, "Wa ya kashe mini sauti?" Ya mayar da shi goma.

Na daɗe da lura. In na kira shi ta baya ba ya juyowa. In za mu shiga waƙa, sandunana yake kallo, ba ji yake ba. Na buɗe baki in faɗa masa, sai ya zaro takardarki yana karanta mini da ƙarfi, yana gyara zaman tabarau. Na kasa. Tun muna samari muke tare. Ke ce ta asibiti, ki san yadda za ki yi.

Baffanki Dogo, mai ganga.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Tsohuwar amfilifayar tana nan ƙarƙashin gado, na san ba ka yar ba. Ka tuna ina ƙarama, kullum sai na murɗe maka maɓallai, kana ta faɗa? Marigayiya Mama ce ta gaji, ta ce ka saita yadda kake so, ta ɗiga jan farce a gefen kowane maɓalli. Tun daga ranar ba ka sake saitawa da kunne ba, ɗigon kawai kake bi.

Ka jawo ta ka duba, ka sa sabuwar a kan lambobin nan. Don Allah, Baba, ko me ka ji, kada ka ƙara. Na yi magana da likitan kunne na wajenmu, zan zo in tafi da kai.

Autarka.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa. Na jawo ta, na goge ƙura. Ɗigon mahaifiyarki yana nan. Bas shida, mid biyar, tirebul huɗu.

Huɗu, Auta. Na daɗe zaune a bakin gado.

Na saita sabuwar haka, na ajiye a ƙwaƙwalwarta, Baffanki ya manne maɓallan da salatif domin hannuna ba ya jin magana. Ranar Asabar na yi wasa. Babu wanda ya ɗaga kofinsa. Na ga hannuwa suna tafi, manajan ya ɗaga mini babban yatsa, mawaƙinmu ya rungume ni. Ni kuwa daga farko har ƙarshe a cikin bargo nake. Fuskar Dogo nake kallo domin in san ko ina kan daidai.

Zan bi ki wurin likitan. Amma ki zo tun ranar Asabar, ki zauna a teburin gaba. Ki saurara da kyau, sannan ki rubuta mini yadda jitata take fita. Kada ki faɗa da baki, ki rubuta. Yanzu na iya karatu.

Mahaifinki.