In Zubar da Irin Kindirmon Marigayi?

Hajiya Khadija, don Allah ki raba mini gardama da autata Aliya, mun kasa daidaitawa a kan ƙwarya guda.

Maigidana ya rasu bara, ana tsakiyar tsinkar tattasai a gonarmu ta bakin Komadugu. Mutum ne mai son kindirmo. Kullum nakan rage cokali ɗaya daga na jiya in zuba a sabuwar madara ta kwana. Ko ranar da aka kai shi ban fasa ba, hannuna ne ya yi da kansa. Sha ne na kasa, sai in ba maƙwabta.

Da ina takaba, wannan ta kawo shinkafa, waccan ta kawo fanke, ni kuma ban iya mai da kwano ba. Na yi ƙiba har zane ya daina zagaye ni. Sai ciki ya taso, murɗa da gudawa. A Diffa likita ya ce hanjina ne ya kumbura, ya rubuta mini magani. Ya ƙara da cewa cikin kowa cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, na kirki da na banza, kuma kindirmo yana ɗauke da na kirkin. Hajiya, dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun rasuwar. Ina kukan gida ya yi mini shiru, ashe gari guda nake ɗauke da shi.

A ranar na koma sha. Yau wata uku, ciki ya lafa, na koma gona, zanen ma ya fara haɗuwa.

To, Aliya ta zo hutu daga Zinder da wani garin magani na farmasi, wai halittun ne a ciki masu tsabta. Ta ce tsohon irina ƙazanta ne, in zubar. Na ce kindirmona ya ishe ni, maganin likitan ma ajiye shi zan yi. Na san tsoron rasa ni take. Amma irin nan, babanta ya sha daga cikinsa. Yaya zan yi?

Mai ƙwarya, daga Gagamari

*

'Yar'uwa, Allah ya ji ƙan maigidanki. Dariyarki ta faranta mini rai.

Ke da Aliya kowa na da rabin gaskiya. Kindirmo kan taimaki halittun kirki su yi yawa, amma ba ya maye gurbin magani. Kumburin hanji yakan yi luf sannan ya dawo, don haka kada ki ajiye ƙwaya ko ɗaya sai likita ya ce. Idan kika ga jini ko zazzaɓi, ki tafi asibiti a ranar. Zanen da ya haɗu kuwa, tafiyar gona ta fi ƙwarya hannu a ciki.

Garin farmasin iri-iri ne, ba kowanne ke yi wa kowa aiki ba. Ku kai wa likita ya duba, ku tafi tare.

Maganar tsabta, Aliya ba ta yi ƙarya ba. Ki tafasa madarar, ki bari ta koma ɗumi, sannan ki zuba irin. Ki wanke ƙwaryar da ruwan zafi, ki shanya a rana, ki rufe da faifai. Baƙin nan da ke cikinki kuma, wato halittun kirki, ki ciyar da su da wake, zogale da kuɓewa, ki rage sukari. Ran da launi ko ƙanshin irin ya canza, ki zubar, ba ki ci amanar kowa ba.

Amma kafin nan, ki faɗa wa Aliya abin da kika faɗa mini, don da alama ba ta san tun yaushe irin yake ba. Ki koya mata, ki ɗiba mata cokali ɗaya ta tafi da shi Zinder. Idan naki ya lalace, sai ki aika ta aiko miki da na babanta.

Allah ya ƙara sauƙi, ya bar ku tare.

Hajiya Khadija