Kwamanda Yana Neman Mai Dariyar

Malama, a taimaka cikin gaggawa. Ni Farfesa ne na harshen Turanci, na dawo daga Landan kwanan nan. Ina so ki buga a jarida cewa bincikena ya tabbatar kalmar “people” ana faɗinta “fiful”, kuma duk mai dariya jahili ne.

Ga dalili. Idi Kwamanda, shugaban 'yan sintirinmu na Unguwar Kanawa, ya tashi jawabi a taro, ya buɗe da “mai fiful”, wato “my people”. Wani mara kunya ya ɗauka a waya ya watsa. Yanzu in ya wuce sai yara su yi ihun “Fiful!” su ruga. Bai doki kowa ba. Abin da ke tsorata ni kenan. A ƙarshen faifan ana jin dariyar wanda ya ɗauka, wata irin dariya mai shaƙuwa kamar ta akuya. Mutumin da tunda muka taso ba mu taɓa ganin haƙorinsa ba, yanzu majalisa-majalisa yake bi yana ba da labarin ban dariya, gora a kan cinya, yana kallon bakin kowa. Shi ba ya ko murmushi. Jiya ya zauna a majalisar da ke kusa da tamu.

Malama, ni ba Farfesa ba ne. Sharhabil ne, tela. Allo kaɗai na yi, Landan kuwa ko unguwar Mando ta nan kusa ban cika wucewa ba. Dariyar tawa ce.

AMSA

Sharhabil, tun layi na biyu na gane ka, kuma ba zan buga ƙarya ba. Kalmar, “pipul” ake faɗinta: a haɗa leɓɓa a sake su da iska. Amma harafin “p” ɗin nan ya kayar da manya da yawa a Arewa, ba abin kunya ba ne.

Wasa kake nufi, na yarda. Sai dai mutumin da ke hana idonsa barci don ku kwana lafiya ka mayar abin tsokanar yara, shirunsa kuma ba yafiya ba ce. Ka goge faifan, ka tsawata wa yaran layinku, ka ɗauki limaminku ku je gidansa yau. A gaban dattijo gorar za ta zauna a ƙasa. In ka jira ya iso majalisarku, mai hali irin naka ba zai iya riƙe dariya ba.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya tsare ka.