Kwat ɗin da Baba Ya Sani

Litinin, 3 ga wata

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yarana? Ya ciwon bayan nan naki, ko har yanzu kina cicciɓar kaya kina cewa ba komai? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki ce me ya kai Auta ga biro da takarda alhali ga waya. To a waya, da kin ce "ya Baba?" sai bakina ya riga ni ya ce lafiya lau. Shekara goma sha huɗu ina yi wa fasinja murmushi jirgi yana gargada, bakin ya riga ya saba. Shi ya sa na ce bari in gwada hannu.

Magana biyu ce. Ta farko, an sauke ni daga jirgi. Likitan kamfani ya duba kunnen nan na hagu karo na uku, ya ce dodon kunnen ba zai ƙara jure tashi da sauka ba, in na matsa zan kurmance. An sallame ni cikin mutunci, har da shayi da jawabi. Ban yi kuka ba, don ina cikin yunifom, kuma ba a kuka a cikinsa. Sai da na shiga mota.

Ta biyu, Baba. Ciwon mantuwar ya wuce inda kika bar shi bara. Yaya, yanzu bai san ni ba. In na shiga ɗakinsa da rigar zaman gida, sai ya janye ƙafafunsa cikin bargo ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" In na miƙa masa magani ya damƙe baki. Mai jinyar da ke zuwa da rana ma takan yi awa guda tana lallashi a kan ƙwaya ɗaya, wani lokaci ta haƙura.

Wata biyu da suka wuce na dawo daga aiki, na ji yana tari, na faɗa ɗakin ban canza kaya ba. Ya ɗago kai ya dube ni, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Auta, kun sauka? Ya hanya?" Wallahi sai da na dafa ƙofa. Ya jawo hannuna ya juya bakin hannun kwat ɗin yana duba kalmasar. Kin san duk kwat ɗin da aka ba ni hannunsa yakan yi mini tsawo, kuma doka ta hana a kai wa telan waje. Baba ya ce shi ba telan waje ba ne, ubana ne. Shi yake rage mini da allurar hannu. Wannan na jikina, na shekara uku da suka wuce, shi ne ɗinki na ƙarshe da ya yi kafin allura ta gagare shi.

Tun daga ranar, safe da yamma nake shiri kamar zan tashi. In tufke gashi, in sa siket da kwat, in ɗaura ƙyallen wuya ƙullin a hagu, in maƙala fikafikan ƙarfe a ƙirji, in sa takalmin. Sannan in ɗauko tire, in jera shayi da biredi da magani, in yi taku goma daga kicin zuwa ɗakinsa. Ki ga yadda yake gyara zama, sak fasinjan kujerar gaba. Yana shanye maganin ba gardama, har da "madalla". Kar ki yi dariya. To, yi abinki, ni ma nakan yi.

Ga inda matsalar take. Takardar sallamar ta ce in mayar da yunifom gaba ɗaya kafin ƙarshen wata, har maɓalli. Ba nawa ba ne, aro aka ba ni. Yayyanka su ake yi a inji don kada wani ya sa ya wuce masu gadi ya kai ga jirgi. Saura kwana ashirin da bakwai, kuma ban san abin da zan yi ba.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Alhamis, 13 ga wata

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙonki, na gode. Ya mai jikin, ƙaramin ya daina zazzaɓin? Kada ki damu da maganar zuwa. Na san ba ki da hutu, kuma ko kin zo ke ma "baiwar Allah" zai ce miki.

Jiya na je ofis neman alfarma. Na tafi da kayan gida, tunda ba ni da izinin fita da yunifom yanzu. Mai gadin ƙofar ma'aikata, wanda ya yi shekaru yana ɗaga mini hannu yana cewa "a sauka lafiya", ya tare ni ya ce ina katina, kuma wa nake nema. Sai da na faɗi lambata ya ƙura mini ido, kunya ta kama shi. Ban ga laifinsa ba. Akwai wani fasinja da na taɓa riƙe wa hannu kusan awa guda muna cikin hadari, yana ta salati yana kallon fuskata. Abin da fasinjoji suke yi ke nan in jirgi ya girgiza, mu suke kallo, in ƙyallen wuyanmu bai karkace ba sai su ce ai ba komai. Bayan kwana biyu muka haɗu da shi a kantin magani, ya ture ni ya shiga gabana a layi.

Na samu shugabarmu, wadda muke kira Madubi don ita ke duba mu daga kai har ƙafa kafin mu hau. Na faɗa mata komai. Ta cire gilashi ta goge ido, ta ce ita ma haka uwarta ta ƙare. Sannan ta ce ba za ta iya ba. Kwat ɗaya in ya ɓace, sai an sanar da jami'an tsaro, don wanda ya sa shi ba a cika tambayarsa komai ba. Na ce a cire bajon da maɓallan a bar mini tsurar yadin. Ta ce ta tambaya a sama, aka ce ba a taɓa yi ba. Ko a nan sai da ta miƙo hannu ta gyara mini wuyan riga, ta manta ba ruwanta da ni yanzu.

Wata abokiyar aikina ta ce in ce an sace a shanya, in kai rahoto, shi ke nan. Na juya maganar a raina har kaina ya yi zafi. Amma ni ce nake koya wa sababbi cewa amana ce a jikinsu. Kuma in Baba yana cikin hankalinsa, kin san abin da zai ce.

Gidan ya yi mini faɗi, Yaya. An cire ni daga zauren saƙonnin ma'aikata ranar da aka sallame ni, wayar ta yi tsit. Da rana nakan zauna a kicin in ji jirgi yana wucewa, in duba agogo in ce wannan su wance ne. Ina kewar aikin, har da masu danna ƙararrawa don a ɗauko musu abin da ke gabansu.

Shawararki ta a ɗinka irinsa zan gwada. Na samo yadi mai kusan launin.

Taki,
Auta

Asabar, 22 ga wata

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Wannan gajeriya ce, hannuna ba ya son biro yau.

Telan ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya auna na gaskiyan a gabana, ya kwaikwayi wuyan da aljihun, ya sa maɓallai masu ruwan zinariya. Mai jinya ta ce ita kam ba ta ga bambanci ba. Ni da ke muka manta wane ne za a nuna wa.

Na shiga da tire jiya da safe. Ya yi murmushi, ya ce "kun sauka?", har na fara jin sanyi a raina. Sai ya jawo hannuna kamar kullum ya juya bakin hannun. Ya shafa da babban yatsa, ya sake shafawa. Ya leƙa shafin ciki. Ya ce, "Wannan keke ne ya yi. Ni ba na kalmasa da keke." Sannan ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba. Ya ce, "Ke wace ce? Ina kika kai mini 'yata?"

Ya ture tiren, shayin ya zube a bargo. Ya yi ta kiran sunana yana neman a zo a cece ni, ni kuwa ina tsaye a gabansa. Mai jinya ce ta janye ni waje. Ranar ko ruwa bai karɓa ba, balle maganin hawan jinin.

Da yamma na sa na gaskiyan na koma. Ya riƙe ni da hannu biyu. Ya rage murya ya ce in yi hattara, wata mata ta shigo da safe ta yi shiga irin tawa, amma shi ba a yi masa wayo a kan ɗinki. Na ce ya yi daidai, Baba. Ya ce in riƙa kulle kayana.

Kada ki zargi kanki, ni ma na yarda da shawarar. Na cusa kwat ɗin telan a ƙasan akwati. Saura kwana takwas.

Auta

Talata, 9 ga sabon wata

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya yara? Ki yi haƙuri da rashin ɗaukar wayarki kwanakin nan. Lafiyata ƙalau, magana ce ba na so.

Na mayar.

Ranar talatin ga wata na yi shiri irin wanda Madubi ba za ta samu abin gyarawa ba. Na kai masa shayi, ya sha magani. Na durƙusa daidai fuskarsa, yadda aka koya mana in za mu faɗa wa fasinja abin da ba zai so ba. Na ce, Baba, an ba ni doguwar tafiya, zan daɗe ban dawo ba. Na ce na samo wata mata mai amana da za ta kula da shi, in ta ba shi magani ya sha, ni na aiko ta. Ya ce aiki ai ba a wasa da shi. Ya dafa kaina ya sa mini albarka. Na fita da tiren a hannu ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan kai ƙofa ba.

A ofis, matar sito ta karɓi kayan ta duba, ta jefa a babban buhu tare da na wasu. Ko minti biyar ba a yi ba.

Washegari na shiga da rigar gida na yi sallama, na ce ni ce wadda Auta ta aiko. Ya ƙi. Rana ta biyu ma ya ƙi, sai ruwa. Hankalina ya tashi, na kira likita, ya ce in aka kai kwana huɗu a kawo shi asibiti. A rana ta uku na yi duk abin da na iya. Na tufke gashi, na miƙe bayana, na riƙe tiren da hannu biyu, na durƙusa, na yi magana da muryar aiki. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ita ta koya miki riƙon tire?" Na ce ita ce. Ya ce ya gani. Ya buɗe baki ya sha.

Yanzu yana ci, yana shan magani, yana kirana "malama". Yana da ladabi da ni ƙwarai, yana ce mini sannu da aiki. Kullum sai ya ba ni labarin 'yarsa da ke aikin jirgi, yadda manyan mutane ke zama in ta ce su zauna. Ke ma yana ambatonki, wai ke ce mai faɗa. Ina zaune ina cewa Allah sarki, Allah ya raya. Ban taɓa sanin yana alfahari da ni haka ba, bai taɓa faɗa mini ba. Ina jin daɗi, kuma ina jin kaɗaicin da ban san yadda zan kwatanta miki ba.

Jiya da hantsi ya tambaye ni ko na iya rubutu. Na ce na ɗan taɓa. Ya ce in ɗauko takarda, zai aika wa Auta saƙo. Na zauna a bakin gado yana faɗa ina rubutawa. Ya ce in gaya mata yana cin abinci, matar da ta aiko ba ta da laifi. Ya ce kada ta yi gaggawar dawowa saboda shi, ta tsaya ta gama aikin mutane. Ya ce in za ta goge kwat ɗin ta ɗora ƙyalle a kai tukuna, kada dutsen guga ya sa yadin ƙyalli. Har na zaci ya gama. Can ya ce, "Ƙara da cewa ɗakin ya yi shiru da ba ta nan."

Na rubuta. Ya karɓi biron ya yi ɗan zane a ƙasa, ya ce in tabbata na aika yau.

Na ce masa to. Ga ta nan na haɗo a cikin ambulan ɗin nan, Yaya, don ban san inda zan kai ta ba. Ki ajiye mini. Ya ce in amsa ta zo in karanta masa.

Ki gaida maigidan da yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta