Ranar da Ummi Ta San Sunanta

Yaya Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta girmamawa daga ƙanenki, da fatan kina lafiya, ke da Malam Tayyib da yara. Allah ya tsare ku a Ibadan. Mu nan Batsari alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi. Runka da muka baro dai har yau ba ta komuwa saboda 'yan bindiga, geronmu ma wasu suka girbe. Kar in fara, kin san bakina.

Direba ya kawo saƙo, yunifom da jaka da takalmi. Takalmin ya yi mata yawa, mun cusa tsumma. Allah ya saka da alheri. Amma ba kayan ne suka sa na ɗauki biro ba, maganar nan ce da na kashe miki waya a kanta. Kin ce kafin Ummi ta shiga rabin aji a koya mata sunanta na yanka da nawa. Na ce wa zai kira shi? Ɗiyar fari ce, kuma sunan Inna ne. Uwarta Sa'adiyya ba ta iyawa, ni ban iyawa.

Ranar rajista rubuta shi na yi na miƙa, karatun da na koya wa kaina a jikin buhunan taki ya yi rana. Malama Mutmainna ta durƙusa ta tambayi yarinyar sunanta, ta ce Ummi. Na babanta fa? Ta ce Baba. Malama ta ce in an ji harbi yara suka watse, gidan wa za a kai Ummin Baba? Na buɗe baki in yi masifa, sai na tuna ranar da muka gudo. Tun hantsi har la'asar yarinyar nan tana hannun mai ƙosai a tashar Safana, ana tambayarta, tana ba da wannan amsar, mu muna zagaye kamar mahaukata. Na haɗiye masifata, Yaya. Ni ɗin nan.

Inna ce ta raba gardama. Ta ce suna nata ne, ita ke da ikon bayarwa. Kullum da safe in tana tsintar wake sai ta zaunar da ita, suna rera shi kamar waƙa, da nawa, da unguwarmu. Sa'adiyya kuwa sai ta tsiri ɗibar ruwa.

Ranar Litinin na laɓe jikin tagar ajinsu. Aka kira sunan, ta miƙe ta amsa da ƙarfi, takalmi na neman fita. Da muka dawo ta tsaya a ƙofar ɗaki, Allah ya yafe mini rubutawa, ta ce, "Zuwairatu, na dawo." Sa'adiyya ta saki murfin tukunya. Inna ko gezau, ta ce, "Sannu da zuwa, takwara. Yanzu ba ki ɓata."

Ke kika fara gani, na gode. Ki gaishe da Malam, da Huzaifa, da Indo. Inna na sa muku albarka.

Ƙanenki,
Sharhabilu, baban wadda kika sani