Jan Ragon Jannatu da Hular Baba

Haɗeja,
14 ga Zulhajji.

Zuwa ga Yayana Abdulmannan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Zara da yara. Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana, Ya karɓi ibadunmu, Ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Iya tana nan da ciwon gwiwarta, amma da ƙafarta ta je idi. Maigidana Bunu ya gama dashen shinkafa a fadama, sai dai kullum idonmu na kan kogi, muna roƙon Allah kada ruwa ya yi mana irin ta bara.

Yaya, sau biyu na kira ka a waya don in faɗa maka wata magana, da na ji muryarka sai na ɓige da tambayar yara. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, don ba na so wani ya rubuta mini wannan. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da girmana na koya. Laifi na yi maka, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ragon da Bunu ya turke don layya, tun yana ɗan ƙarami 'yata Jannatu ta shaƙu da shi. Ita ke kai masa dusa, ta zauna gabansa tana yi masa hira, har kunun safenta take raba masa. Yarinya 'yar shekara huɗu, ba ta san abin da ake kiwonsa dominsa ba, sai da wata maƙwabciya ta faɗa mata cikin wasa. Daga ranar ta daina cin abinci sosai, ta koma kwana da kuka. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ka san ba ƙarfin jiki gare ta ba. Sai na yi tunanin in ɗinka mata wani ɗan rago na ƙyalle, wanda za ta riƙe a hannu ranar Sallah.

Na gwada da guntun atamfa, ya ƙi tsayuwa, bakin sai zarewa yake. Ana haka na je gidan Iya, na tarar ta shanya kayan tsohuwar adakar nan da ambaliyar bara ta jiƙa. A ciki na ga jar darar Baba, hular nan tasa. Gefe ɗaya ya yi funfuna, ɓera kuma ya ci bakinta. Da na taɓa na ji kaurin ƙyallen, irin wanda ko an yanka ba ya zarewa, sai na ce na samu. Iya tana salla, na ɗauka na tafi, a zatona tsumma ce za a zubar. Na zana rago a kwali, na ɗora na yanka biyu, na haɗa su da baƙin zare. Na cusa masa audugar ciyawar kacalar nan da ta cinye mana bakin kogi, ashe ita ma tana da ranarta. Ƙahonnin na naɗe igiyar rama ne, ƙafa ɗaya kuma ta fi sauran gajarta, sai ya jingina da bango yake tsayawa.

Da na kai wa Iya ta gani, ta yi ta juya shi a hannunta. Sannan ta tambaye ni ko na san cewa ranar sadakar arba'in ɗin Baba ka ce ba ka son komai cikin tufafinsa sai wannan hula, a ajiye maka. Wallahi Yaya ban sani ba. Lokacin ina ɗakin jegon Jannatu, ba wanda ya faɗa mini. Rashin sani ya fi dare duhu, amma na san da na jira Iya ta sallame na tambaya, da ba a yi haka ba. Wannan gaggawar tawa ce, ba ta kowa ba.

Iya ba ta yi mini faɗa ba. Abu ɗaya ta ce, tunda hular malami ce, kada in kuskura in sa masa idanu ya zama siffa a cikin gida. Na riga na tanadi maɓallai biyu, na mayar da su gwangwani, ina ta fargabar yarinyar za ta ƙi shi. Da safen jajibere na miƙa mata. Ta duba fuskarsa, ta ce makaho ne. Sai ta ruga wurin babanta ta tambaye shi ko ba shi ne ya ce ba a layya da makahon rago ba. Ya ce haka ne, bai halatta ba. Ta ce to wannan nata ne, babu mai yanka shi. Ranar ta cinye tuwonta tas.

Ba zan ce maka ba ta yi kuka ranar Sallah ba. Ta yi, na kai ta ɗaki na rufe ƙofa har aka gama. Amma tana ƙanƙame da jan ragonta, kuma da yamma ta fito ta goya shi da ɗankwalina, ta je yawon Sallah. Naman dai har yau ba ta taɓa ba, ban kuma matsa mata ba.

Abin da ya rage na hular, wato samanta da tuntun, na wanke na naɗe a farin ƙyalle. Yana tare da wannan takarda a hannun Malam Umara, direban da ke kawo muku bandar kifi. Na san ba shi ka ce a ajiye maka ba. Ina roƙonka don Allah ka yafe mini, an ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Jan ragon nan haƙƙinka ne, ban musa ba. Na yi niyyar in haɗa maka da shi, har na je na tsaya a kanta tana wasa, amma hannuna ya kasa. Idan ka ce a karɓa, to sai dai ka zo Haɗeja ka karɓa daga hannunta da kanka.

Ka gaida Anti Zara, da Usaini, da Bilkisu. Iya tana sa muku albarka, Bunu yana gaishe ka da kyau. Ina sauraron amsarka, ko ta waya ce. Allah Ya jiƙan Baba, Ya bar mu tare.

Taka ƙanwa mai neman afuwa,
Ummussalma.