Ɗalibi Mai Furfura

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki? Mu nan Abbey Wood, ƙasar Turawa, lafiya lau.

Ƙaninki da ya gudu daga aji uku ya shiga jami'a da furfurarsa! Kullum a jirgin ƙasa sai in lumshe ido, in hango ni cikin rigar digiri, marigayi Baba yana murmushi. Ina cikin wannan daɗi sai ga takarda: wai tallafin ɗalibai ma kuɗin shiga ne, don haka an zaftare mana benefit, agajin da gwamnati ke ba mu. Uwargida Maman Maryam ta ce ko littafi ko cefane. Na zaɓi littafi. Yanzu miyarmu ta manta kamannin nama.

Ki gaida su Inna. Ku taya ni addu'a haƙurin Maman Maryam ya kai shekara ukun karatun.

Ƙaninki,
Ɗanladi